Tafiya Gidan Katta: Ɓarayin Waya a Bakin Iyaka

Da hantsi motarmu ta bar Sakkwato, muka ratsa Kware da Gwadabawa, kafin azahar mun sauka Illela, garin da ke maƙwabtaka da Birnin Ƙonni ta Nijar. Daga nan kabu-kabu ya kai ni Gidan Katta.

A inuwar wani dogonyaro na tarar da mai POS, na'ura a cinya, littafin lissafi a gefe. Ya ce tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 dillalan dabbobi da masu albasa suka koma tiransifa, 'yan damfara kuma suka biyo sawu.

Muna cikin magana wani dattijo ya miƙo mini wayarsa mai tsagaggen gilashi. "Ɗana, duba min nan." Saƙo ne sak na banki, wai kuɗin ragonsa sun shigo. Alat ɗin bogi ne, rago kuwa ya daɗe da tafiya. Wasu kiransu ake yi da Hausa tsantsa, har da sallama da gaisuwar iyali, a ce daga banki ne, a nemi BVN da lambar sirri. Kafin mutum ya farga an kwashe, ga iyaka kusa, naira ta zama sefa.

Doka dai akwai ta. Najeriya ta kafa dokar laifukan intanet a 2015, ta gyara ta a 2024, Nijar ma ta yi tata a 2019. Sai dai doka na buƙatar ilimin da zai nuna mata yadda ake ɗana tarkon. A Sakkwato akwai Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tun 1975, a Tawa kuma akwai Jami'ar Djibo Hamani, kuma Ƙonni a jihar Tawa take. Da masana kwamfuta da na harshe da na shari'a daga jami'o'in biyu za su haɗa hannu, su tattara irin waɗannan saƙonni da kalaman yaudara, da bankuna da hukumar EFCC sun samu makami, gidajen rediyo kuma sun samu abin faɗakarwa.

Malaman jami'a, ku zo kasuwar Illela ranar Lahadi, ku zauna da masu POS da dillalai. Nan binciken yake.