Yaɗiya a Gefen Gona

A ƙasar Baudeta, yankin Tasawa, noman da ya dace da yaɗiya, a ganina, shi ne a ƙyale ta, kamar yadda manoman Maraɗi suka dawo da itatuwa tun shekarun 1980 ta barin toho ya girma. Iska ke watsa irinta mai gashi. In ta samu yashi da darni ko gindin gawo, sai ta nannaɗe, ta fid da ƙananan furanni. Manomi zai ce tana shaƙe gero, kuma gaskiyarsa in tsakiyar gona ta fito. A gefe fa? Da rani, bayan tafasa ta bushe, ganyen yaɗiya na nan kore, mata na dafa shi su kwaɗa da ƙuli-ƙuli, awaki su ci ragowar.