Ta'aziyya a Ƙasar Gazawa

Kai da ka zauna ka riƙe mana azuzuwa, ga labarin hanya da na ce zan ba ka.

Ka dai tuna safiyar da aka ce matar Mushe ta rasu wajen haihuwa, shi kuma ya kama hanya tun asuba ko jaka bai ɗauka ba. Ka tuna yadda ɗakin malamai ya yi tsit da aka tambayi sunan garinsu. Shekara da shekaru yana koyar da Faransanci a makarantarmu ta Katsina, muna cin abinci kwano ɗaya, iyakar abin da muka sani shi ne mutumin Nijar ne. Wani ya ce Maraɗi, wani ya ce Damagaram. Baba mai gadi ne ya raba gardama, ya ce wani ƙauye ne a ƙasar Gazawa, gabas da Maraɗi. Takardar karo-karo ta zagaya, daga firinsifal har masu shara, har mai awarar bakin ƙofa ta kwance bakin zane ta ba da nata. Aka sayi madarar jarirai da sabulu da turmin atamfa. Aka ce dole a tafi da mata, don mu maza iyakarmu ƙofar gida, sai Malamar Hausa da Anti ta ofis suka ce da su za a je.

Daga Katsina zuwa Jibiya ka san hanyar, shinge bayan shinge, a buɗe but a rufe. Ta taga muna hango aikin layin dogon da aka ƙaddamar a 2021, wanda zai taso daga Kano ya bi ta Katsina ya dire a Maraɗi. A Magama muka sauka wajen 'yan canji, kuma a nan jikina ya fara sanyi. Ambulan ɗin da muka ɗauko da ƙyar yake rufuwa, amma da ɗan canji ya gama danna kwalkuleta sai ya miƙo mana 'yan takardun sefa da ba su cika tafin hannu ba. Jaka ɗaya, wato sefa 1,000, ta haura naira 2,000. Tun da darajar naira ta zube a 2023 haka albashin Mushe yake narkewa a wannan teburin duk ƙarshen wata kafin ya isa gida, kuma ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba. Lissafin ma sai da aka koya mana: da dala suke ƙirga, dala ɗaya sefa 5, in mai ruwa ya ce dala ashirin to sefa 100 yake nufi.

A Ɗan Isa jandarma ya karɓi katunanmu ya tambayi inda muka nufa. Da muka ce gaisuwar mutuwa, sai ya ce Allah ya jiƙan rai, ya miƙo mana. Kafin azahar muna Maraɗi. Ni Bakatsine ne gaba da baya, tsakanin garin nan da gidanmu bai wuce kilomita 100 ba, amma sai ranar na taka shi. A makaranta an karantar da mu cewa bayan jihadi sarakunan Haɓe na Katsina sun yi arewa, Ɗan Kasawa ya zauna a Maraɗi. Jin sa a aji daban, ji daga bakin direba yana cewa "ga hanyar fadar Sarkin Katsina" daban. Shi ne kuma ya nuna mana kwarin Gulbi inda tsohon garin yake kafin ambaliyar 1945 ta sa a hau tudu. Muka sayi buhun shinkafa da goro, muka shiga motar gabas.

Titin da ya ɗauke mu shi ne babbar hanyar ƙasar, wadda ta taso daga Yamai ta wuce Damagaram har Difa. Na zaci da an bar Maraɗi sai rairayi da ƙaya. Abin da na gani gonaki ne cike da itatuwa, gawo da kalgo da aduwa a tsaye tsakiyar karan gero, ga dammuna an jera ana jiran kaiwa rumbu. Tsakanin Cadawa da Agye har na daina ƙirga. Wani malamin gona da ke kusa da ni ya ce yawancinsu ba dasa su aka yi ba. Kututturen da ake sarewa duk shekara wajen sharar gona ne aka koyi bari: a zaɓi tsiro biyu ko uku masu ƙarfi, a sassabe sauran, a hana dabba da mai gatari. An fara yaɗa dabarar a yankin Maraɗi wajen 1983, tare da wani Bature ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, bayan fari ya cinye daji, kuma ƙauyen Ɗan Saga na ƙasar Agye ya yi suna a kanta har baƙi na zuwa koyo. Gawo kuwa ka san halinsa, da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa gero rana, ga taki. Na tuna gonakinmu na hanyar Kaita da motocin itace da ke shigowa Katsina kullum, raina bai yi daɗi ba. Ruwan samansu bai kai namu ba. A tashar Agye kuma buhunan aya ne jibge, masu lodi suka ce da yawa Najeriya za su. Wataƙila kunun ayar da kake sha a bakin makaranta daga nan ya fito.

Gazawa ba ta da girma, a 2011 aka cire ta daga Agye ta zama gunduma mai cin gashin kanta. Daga nan kwalta ta ƙare mana. Muka hau kabu-kabu, babur yana iyo cikin yashi, buhun shinkafa ya biyo baya a amalanke. Rana ta yi ja muka isa.

An shimfiɗa tabarmi a gindin wata bishiyar bedi, dattawa sun jeru. Mushe na gefe da wata tsohuwar riga, ya faɗa ƙwarai. Da ya ɗago ya gan mu sai ya miƙe, ya buɗe baki bai ce komai ba, ya kama hannun malamin lissafi da hannu biyu ya ƙi saki. Muka durƙusa gaban mahaifinsa.

"Baba, ya haƙuri?"

"Haƙuri da godiya. Daga ina baƙin?"

Mushe ya ce, "Abokan aikina ne, daga Katsina."

Tsohon ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Duk saboda yaron nan kuka keto iyaka? To Allah ya ba da lada. Ashe yana da dangi a can."

Aka shafa fatiha, aka kawo fura a ƙwarya da ludayi. Ba mu yi wata doguwar magana ba, kuma ba a nemi mu yi ba. Duk wanda ya zo sai ya zauna, a yi addu'a, ya tashi wani ya maye gurbinsa, har aka kira magariba.

Da dare wani kawun marigayiyar ya zauna da mu wajen shayi. Daga Gidan Rumji ya zo, yamma da Maraɗi, ƙasar da Tsibirin Gobir take. Da ya ji daga inda muke sai ya ce, "Ai mutanenku na wurinmu." Tun 2019 dubban mutanen Zamfara da Sakkwato da Katsina suka tsallaka gudun 'yan bindiga, aka zaunar da wasu a Cadakori da Garin Kaka da Ɗan Dajin Makau. Ya ce kafin ƙungiyoyi su iso, talakawan ƙauyuka ne suka buɗe musu rumbu. Mu da muke ganin mun yi abin kirki da buhu ɗaya, sai muka yi shiru muna saurare.

Washegari aka haɗa sadakar bakwai da suna, tunda ranar da aka haifi yarinyar uwar ta cika. Ban taɓa zama a irin wannan taro ba. Liman ya yi wa mamaciya addu'a, bai tashi ba ya raɗa wa jaririya sunan uwarta, aka yanka jar akuya, aka raba goro da gumba, babu guɗa babu maroƙi. Malamar Hausa ta fito daga cikin gida idonta jawur. Ta ce ƙanwar marigayiyar mai goyo ce ta karɓi yarinyar tana shayar da su biyu, manyan yaran kuma suna ɗakin kaka, ƙaramin yana ta tambaya yaushe Inna za ta dawo daga likita. Ita da Anti suka zauna suka nuna yadda ake dama madarar da tafasasshen ruwa, suka wanke kwalbar a gabansu.

Da za mu tafi muka ja Mushe bayan danga muka ba shi ambulan da takardar sunayen waɗanda suka sa hannu. Kuɗin ya sa a aljihu bai duba ba. Takardar ya tsaya karantawa, da ya kai kan sunan mai awara sai ya juya mana baya na ɗan lokaci. Abin da ya fara tambaya bayan nan shi ne 'yan ajin ƙarshe, wa zai ƙarasa musu darasi kafin jarrabawa. Muka gaya masa saƙon firinsifal: ya zauna har arba'in, albashinsa na tafiya, an raba sauran azuzuwansa, an kuma samo wata ɗalibar jami'a da za ta riƙa zuwa ranar Asabar saboda Faransancin.

Ya raka mu har bakin kwalta a Gazawa. Ya ce in gaya maka littafin makin yara na cikin durowarsa ta ƙasa, makullin na wurin Baba mai gadi, kuma 'yan aji biyu ba su yi gwajin wata ba tukuna. Mun kuma yi shawara a mota cewa kuɗin madara zai riƙa fita daga asusun malamai duk wata har a yaye ta, za a kawo maganar a taron ranar Litinin.