Zamanin Gammo da Kafaɗa

Titin da ya taso daga Akwanga ya ratsa Shabu ya nufi Lafiya da Makurɗi ba ya barci. Tirela na bin tirela, motocin doya na gudu kamar za su tashi sama, 'yan acaɓa da masu Keke Napep suna kutsawa ta ko'ina. Yaron da ya buɗe ido ya tarar da wannan hayaniya zai ɗauka tun fil'azal taya ce ke kai mutum inda za shi. Alhali kuwa ba a fi 'yan kakanni ba da duk abin da ke motsi a wannan yanki, daga gishiri har ɗan Adam, a kan mutum yake tafiya.

Shabu tsohon gari ne. Masu tarihi sun ce a kudu da shi Muhammadu Dunama ya kafa Lafiyar Barebari a ƙarshen ƙarni na 18. A zamanin Sarki Muhammadu Agwai, daga 1881 zuwa 1903, kasuwar Lafiya ta bunƙasa har ta shiga sahun manyan kasuwannin kwarin Binuwai, aka kuma buɗe hanyar fatauci zuwa Loko, mashigar jiragen ruwa mai nisan kilomita 90. Gishirin Keana da na Awe ta waɗannan hanyoyi yake bazuwa. Ko kuzar da Turawa suka fara haƙa a tsaunukan Jos, kafin jirgin ƙasa ya isa can, a ka ake sauko da ita har Loko. 'Yan alaro su ne manyan motocin wancan zamani. Mutum ya naɗa gammo, a aza masa kaya, ya bi sahun madugu daga zango zuwa zango, in ya gaji ya sami bishiya mai reshe biyu ya jingina kayan don kada ya sha wahalar sake ɗagawa daga ƙasa.

Dalilin haka ba lalaci ba ne, ba kuma rashin sanin dabba ba. Ƙudan tsando ne ya yi kaka-gida a dazuzzukan da ke kusa da Binuwai. Jakin da ya yi shekaru yana safara tsakanin Kano da Katsina lafiya lau, in aka gangaro da shi kudu sai sammore ya kama shi, ya rame ya faɗi. Doki ma haka, sai mai hali da ke iya yi masa hidima da sake wani in ya mutu. Inda dabba ta kasa, dole wuyan mutum ya ɗauka.

Duk da haka, a ƙasar Hausa ba a taɓa mai da ɗaukar mutum alamar sarauta ba. Girman sarki a kan doki yake, da lifidi da algaita da 'yan zagi. Sarkin da aka gani a kwance ana ɗauke da shi, to ba lafiya. Mata masu daraja in za su ƙetare hamada, raƙumi ke ɗaukar darbukarsu. Shi ya sa fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro, suna sauka Salaga, wasu har Kumasi, suke dawowa da labarin da ke ba mutane mamaki: can sarkin Asante ba ya hawan doki, a kan ƙarti yake fitowa, zaune cikin wani gado mai kama da kwalekwale, ga zinariya ga manyan laimomi suna juyawa. Har gobe haka sarakunan Gana ke fita ranar biki. A Dahomi ma, a da, baƙon da ya sauka Wida zai je gaida sarki a Abome, a gadon lilo ake kai shi.

Sauran duniya ma ta sha wannan hawa. A da, a Indiya masu ɗaukar gadon da ake kira palki kan yi canji a zango-zango, matafiyi yana barci ana ta tafiya da shi. A Sin, amarya cikin jar kujera rufaffiya ake kai ta gidan miji. Manyan hakiman Japan a irin wannan akwati suke zuwa birnin Edo. A Landan, tun 1634 aka ba da izinin kujerun haya, mutum biyu su ɗauke ka su kai ka ƙofar gida, ka biya, ba tare da takalminka ya taɓa taɓo ba. Fafaroma kuwa mutum goma sha biyu ke ɗaukar karagarsa, kuma sai a 1978 aka yi wannan hawa na ƙarshe. A duk waɗannan wurare saƙon ɗaya ne: wanda ke sama ya fi waɗanda ke ƙasa.

Irin wannan ɗauka ta isa da mulki, Bature ne ya sa mutanenmu suka ɗanɗana ta. In jami'in mulkin mallaka zai fita rangadi, sai a aiko wa mai gari a ce ana son mutum kaza. Wasu su ɗauki akwatunan ƙarfe, wasu gado da tebur da bahon wanka, in kuma zazzaɓi ya kayar da maigidan ko dokinsa ya mutu, a ɗaura gadon lilo. Doguwar sanda ce ake rataya zane mai kauri a jikinta, a gicciya katako gaba da baya, a yi mata 'yar rumfa saboda rana. Mutum huɗu ke shiga ƙarƙashi, biyu gaba biyu baya, katakon a bisa gammonsu. Aikin yana da gwaninta. Ba a taka ƙafa lokaci guda, don in aka yi haka gadon zai riƙa lilo har na ciki ya yi amai. Na gaba ne idon na baya, shi ke faɗin "ga rami", "ga kututture". Wannan ba aikin da ake tunawa da shi da daɗi ba ne, don sau da yawa da damina ake raba mutum da gonarsa. Amma dattawa in suna ba da labarin sukan yi dariya, su ce 'yan ɗauka kan rera waƙa don daidaita tafiya, cikinta suna yi wa nauyin maigidan shaguɓe, shi kuwa yana sama yana gyaɗa kai don ya ji daɗin amo.

Ɗaukar da ta cancanci a yi kewarta ita ce tamu ta gida, wadda ba a biya ba a tilastawa. A ce tsakar dare naƙuda ta yi wa mace gardama, ungozoma ta yi iya yinta, ko maciji ya sari manomi a gonar doya. Ba a shela. Kuka ɗaya daga cikin gida ya isa, sai ka ga samarin unguwa sun hallara, Bagwandare da Eggon da Alago da Babarbare da Bahaushe, ba mai tambayar wane ne wane. A ciro ƙyauren ɗaki ko a jawo gadon kara, a shimfiɗa tabarma, a ɗaure sanduna biyu da igiya. Yaro ya wuce gaba da fitilar ƙwai, tsohuwa ta biyo baya da ƙullin zannuwa da butar ruwa. Mutum huɗu ke ɗauka, amma takwas ko goma ke tafiya, saboda hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ba a tsayawa don canji. Wani zai matso ya ce, "Yaya, kawo in karɓe ka," ya zura kafaɗa, wancan ya zame yana murza wuya. In an zo rafi, dogaye su shiga gaba, a ɗaga gadon sama da kai. Mai jinya ya yi nishi, a ce, "Sannu Baba, yi haƙuri, mun kusa," ko da kuwa da sauran tafiya. In an sauke, mai gida ya fara godiya, sai a tare shi: "Haba Kawu, ai yi wa kai ne." Da asuba kowa ya saɓa fartanya ya tafi gonarsa.

Ba ciwo kaɗai ke sa a ɗauki mutum ba. A da, a ƙauyuka da dama amarya a kan doki ake kai ta, inda babu doki kuwa wata ƙaƙƙarfa cikin dangi ta goya ta, 'yan mata na biye da guɗa, ita kuma tana ta kuka cikin lulluɓi. Tsofaffin alhazai ma suna tuna yadda a Makka ake ɗora gajiyayyu a kan gadon katako, ƙarti su ɗauke su a ka su yi ɗawafi da su, kafin keken guragu ya karɓi aikin.

Sauyi ya zo sannu a hankali. Layin dogo da ya taso daga Fatakwal ya bi ta Lafiya ya haɗe da Kaduna a 1927, aka buɗe gadar Makurɗi a 1932. Daga nan sai manyan motocin katako, sai kekuna, sai babura. Da aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa a 1996 Lafiya ta zama babban birni, gine-gine suka yi ta miƙewa har suna neman haɗe ta da Shabu. Tafiyar da a da ke cin rabin dare a kafaɗa, yau 'yan mintoci ce. Ba mai hankalin da zai yi fatan a koma baya, domin an rasa rayuka da yawa a hanya waɗanda da mota ce da an kai su da sauran numfashi. Har yanzu ma akwai ƙauyukan da in ruwa ya cinye hanya da damina sai an koma ga ƙyaure da igiya, kuma su kwalbati da gada suke buƙata, ba yabo ba.

Abin da taya ta rage mana shi ne yawan hannun da ke taɓa lalurar mutum ɗaya. A da tambayar farko ita ce su wa ke da ƙarfi, amsar kuma tana kowane gida. Yau tambayar ita ce wa ke da kuɗin mota, kuma mutum na iya kwana da majinyaci maƙwabcinsa na jikin katanga bai sani ba. Amma halin bai mutu ba, kayan aiki ya canza. A kowace unguwa a Shabu za ka sami mai mota ko mai babur ɗaya da kowa ya san ana iya buga masa ƙofa ƙarfe biyun dare, ya fito ba tare da ɓata rai ba, in an miƙa masa kuɗin mai ya ce a bari a sayi magani. Shi ne magajin waɗancan samari, kuma unguwar da ke da irinsa biyu ko uku ta fi wadda ke da kwalta kawai arziki.