Kada Mu Bar Kalmar Algus Ta Ɓace

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili in yi wa 'yan'uwa magana a kan wata kalma da na ga tana neman ɓacewa, watau algus, wadda waɗansu ke ce wa algushu.

Ran kasuwar da ta wuce na sayo kwalbar zuma. Da na zo gida na ɗanɗana, sai na ji rabinta dafaffen sukari ne. Na ce, "Af, an yi mini algus!" Sai jikana ya ce, "Kaka, mene ne algus?" Tambayar nan ta fi asarar kuɗin yi mini ciwo.

To, asalin kalmar Larabci ne. Ma'anarta a cuɗa abu marar kyau da mai kyau, a sayar da shi a kan kuɗin mai kyau. Mai zuba ruwa a nono, da mai zuba tsakuwa a buhun gyaɗa, da mai jiƙa auduga don ta yi nauyi, da mai jera manyan tumatir a bakin kwando ya ɓoye ruɓaɓɓu a ƙasa, duk algus su ke yi. Ta bambanta da tauye mudu, domin mai tauyewa yawan kaya ya rage, mai algus kuwa kyansu ya ɓata.

Malamai sun karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin wani tarin abinci a kasuwa, ya ji jiƙaƙƙe a ƙasa, ya tsawata wa mai shi. Sun kuma ba mu labarin yarinyar Madina da ta ƙi zuba ruwa a nono da dare, ko da ya ke ba mai ganinta. Sayyidina Umaru ya aurar da ita ga ɗansa Asimu, daga zuriyarta aka sami Umaru ɗan Abdul'azizu.

Yanzu fa sai ka ji an ce kaya sun gurɓata. A 2022, da aka shigo da man fetur mai lalata injin mota Nijeriya, gurɓataccen mai aka yi ta kiransa. Jama'a, ku duba. Rafi ya kan gurɓata da damina ba laifin kowa. Amma algus ba ya yin kansa. In ka ce algus, lalle a tambaya, wa ya yi? Kalmar da ke nuna mai laifi da yatsa ita muka yar, muka ɗauki wadda ke rufa masa asiri.

Saboda haka ina roƙon malaman makaranta da sarakunan kasuwa su riƙa faɗinta, yara su ji. Yaron da bai san sunan laifi ba, yaya zai ji kunyar aikata shi?

Allah ya sa mu gane, amin.

Naka,
Tsohon Malamin Makaranta, Katsina.