Bakin da ya iya ciniki a Mokolo, Sifaniyanci ba zai gagare shi ba

Yau hirar tamu ta harshe ce. Kun lura kuwa da yadda Sifaniyanci ya shigo mana gidaje a unguwannin Nkomkana da Biriketeri na Yawunde ba ko sallama? Yarinya ta kai aji uku na sakandare, a ce ta zaɓi ƙarin harshe, ko Jamusanci ko Sifaniyanci ko Larabci, sai ta dawo gida tana ta motsa baki gaban madubi, uwa na leƙe tana tofa addu'a. Ga kuma yayyenmu masu sauka Kiye-Osi, kan iyakar Kamaru da Gabon da Ikwatoriyal Gini, inda masu saye ke tsallakowa daga Ebebiyin ta Ikwatoriyal Gini da sefa irin tamu amma da bakin Sifaniyanci da ba namu ba. Su dawo suna cewa, "Hajiya, da na iya yaren nan da cinikin ya fi haka." Mu kuwa mu ce Allah sarki, mu ci gaba da tankaɗe.

Amma tsakani da Allah, ƙawayena, mu ne za mu ji tsoron harshe? A ƙasar da ke da harsuna kusan 250? Hausa a ɗaki, Fulatanci da maƙwabciya, Faransanci da direban tasi, ka tsaya bakin titi ka faɗi unguwa da kuɗinka, in ya yarda ya danna ham. A kasuwar Mokolo mu tsinci Ewondo mu roƙi ragi, mu haɗa da ɗan Turancin buroka in mai kayan 'yar Bamenda ce. Wa ya ba mu littafi? Kakanninmu da yawa ba su taɓa zama a benci ba, amma in Inna ta buɗe baki tana taya atamfa da Faransancinta mai ƙamshin daddawa, mai shago da kansa yake sallamawa. Wayyo cikina, Allah ya bar mana su!

Sirrin Inna ɗaya ne, ba ta jin kunyar kuskure. Mu da muka ɗan shiga boko, mu ne kunya ta ɗaure wa harshe. Kalmar na nan a kai, kin san ta sarai, amma da an kalle ki sai zuciya ta buga, maƙogwaro ya bushe, ki yi murmushi ki koma Faransanci. Kowa a nan ta san wannan zafin, kar wadda ta sunkuyar da kai. Ai mai tambaya ba ya ɓata, kuma wanda ya ji kina kokawa da yarensa, daɗi yake ji, har ya gyara miki kyauta.

Ku kawo kunne in faɗa muku abin da zai sanyaya rai. Wasulan Sifaniyanci biyar ne, a, e, i, o, u, kuma ana furta su kusan yadda muke furta namu. Abin da aka rubuta shi ake karantawa, in ban da 'yan ƙa'idoji kaɗan, ba irin Faransanci da ke jera haruffa a ƙarshen kalma ya ce a haɗiye su ba. Harafin r mai kaɗa harshe, wanda ke sa Bafaranshe gumi, mu tun muna goye muke kaɗa shi. Namiji da mace a suna kuwa, Hausa ma tana da su. Ga shi Faransanci da Sifaniyanci duk daga Latin suka fito, kalmomi da yawa kamarsu ɗaya. Inda za a sha ɗan wuya shi ne aikatau, don yana sauya wutsiya da kowane mai aiki da kowane lokaci, har ki ce da gayya yake yi. To, ai ba a rasa ƙashi a kifi, ko?

Maganinsa muna da shi tun makarantar allo. Malam bai taɓa rubuta mana izu guda rana ɗaya ba. Layi kaɗan ne, a biya, a maimaita, a wanke, gobe a yi tilawar na jiya kafin a ƙara. Wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya gwada ƙwaƙwalwarsa ya wallafa a 1885 cewa mantuwa ta fi sauri a farkon lokaci bayan koyo, kuma bita a rarrabe ita ke riƙe karatu. Malam Hermann ya yi ƙoƙari, amma alarammomi sun riga shi, ha ha! Minti goma sha biyar kullum ya fi zaman awa uku ranar Lahadi. Kuma a riƙe jimla sukutum: nawa ne, ya yi tsada, rage mini, ina hanyar tasha. Kalma tilo saurin gudu gare ta, jimlar da kika yi ciniki da ita kuwa ta zauna ke nan.

Sai kunne, aminaina, a ciyar da shi. Finafinan soyayyar Meksiko da muke kuka a kansu a Novelas TV, an juya su ne zuwa Faransanci, amma na asali suna nan a YouTube. Tunda mun san wa zai ci amanar wa, sai mu saurara da bakinsu, muna tuƙa tuwo muna maimaitawa. Ba haka 'yan uwanmu na Kano suka tsinci Indiyanci ba? Mazanmu masu ihun ƙwallon Sifen kuma su saurari mai sharhin da yarensa. Samuel Eto'o yana ɗan saurayi ya tafi Real Madrid, ya buga a Mallorca, ya yi Barcelona daga 2004 zuwa 2009, yau in yana zuba Sifaniyanci sai ki rantse a can aka yanke masa cibi. Ɗan ƙasarmu ne fa, da bakinsa irin namu.

Mai son takarda ma hanya a buɗe take. Ana karantar da harshen a Jami'ar Yawunde ta Ɗaya da ke Ngoa-Ekelle, akwai kuma jarrabawar DELE ta Cibiyar Cervantes, daga matakin A1 har C2. Harshen da kusan mutum miliyan 500 suka tashi da shi, a ƙasashe wajen 20, ai ba ƙaramar ƙofa ba ce ga 'ya'yanmu.

Don haka ga shawara, tunda mu ya mu ne. Mu buɗe zaure a WhatsApp, kowace safiya mace ɗaya ta turo jimla da muryarta, sauran su amsa, 'yan makarantar cikinmu su zama malamai. Wadda ta yi wa wata dariyar raini, ita za ta sayo mana suyar Biriketeri da yaji. Dariyar daɗi kuwa a yi ta har hawaye. Wa za ta fara gobe? Kar ku kalli juna, Hajiya Babba, ke muke jira.