Akuyoyi Biyu Da Buhun Dawa

A shekara ta 2001 na tafi Kaduna neman difloma. Ni da wani ɗan garinmu muka kama ɗaki. Baba ya sayar da akuyoyi biyu da buhun dawa, ya danƙa mini kuɗin, ya ce su kai ni ƙarshen zango.

Mako uku kaɗai suka yi. Na sayi takalmi da rediyo, kowace yamma ina wurin mai tsire tare da abokai. Daga nan sai jiƙa garin rogo safe da dare. Da na koma gida roƙo, na iske ƙanwata ba ta zuwa makaranta, gama akuyoyin nan domin kuɗin makarantarta aka yi kiwonsu. Ba wanda ya tsauta mini. Mama ta auna mini wake mudu huɗu, ta ce, "Ɗana, ranar da kuɗi suka shigo hannunka, ka mai da su abinci kafin rana ta faɗi."

Bana ɗiyata ta shiga kwaleji. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kome ya yi tsada, ga shi kuɗi ta waya suke zuwa, ta waya suke fita, ba a jin tafiyarsu. Na koya mata: kuɗin ɗaki tukuna, sa'an nan hatsi da mai da gawayi, kuɗin motar komowa gida a ajiye dabam, sauran a raba bisa ga makonni, a rubuta kowace naira.

Na kuma gaya mata abin da muka sayar. Iyaye, kada ku ɓoye wa 'ya'yanku wannan.