Labarin zuciya, a tambayi wuyan hannu

Ɗan ƙanwata ne ya jawo wannan magana. Ya zo hutun ƙarshen shekara daga Yamai inda yake karatu, wani dare bayan lisha muna zaune tsakar gida sai ya miƙo mini salularsa, ya ce: "Kawu, dubi wannan." Bidiyon tseren motoci ne. An kafa kamara a bayan direba, hanya tana tahowa kamar za ta haɗiye shi, can gefe kuma akwai ƴar alamar zuciya ja da lamba tana hawa tana sauka: 168, 174, 181. Na tambaye shi ko gudun motar ne. Ya ce a'a, bugun zuciyar direban ne a minti guda.

Dariya na yi. Mu da muka tashi lokacin da tseren Pari-Dakar ke ratsa Agadas da Tenere, muna ƙera motocin kara muna turawa cikin rairayi, ba mu taɓa ɗaukar direba a matsayin mai wahala ba. Mota ke gudu, shi yana zaune. Ta yaya zuciyar wanda ke zaune za ta yi irin bugun ta ɗan kokowa a tsakiyar fili? Yaron ya bar ni da salular, na kwana ina bincike.

Ga abin da na fahimta. Zuciyar babban mutum mai lafiya, in yana hutawa, tana bugawa tsakanin 60 da 100 a minti, tana tura jini kamar lita 5. Direban Formula 1 kuwa yakan yi wajen awa ɗaya da rabi, tafiyar kilomita 300 da ƴan kai, zuciyarsa tana kai da kawowa a kusa da 160 zuwa 180. Abu uku ne ke haɗuwa a kansa. Na farko ƙarfin jiki: in ya taka burki ko ya sha kwana da gudu, nauyin jikinsa yakan ninka har sau biyar, kansa da hular kwano su koma kamar kilo 30 a bisa wuya, ga burkin kansa sai an danna shi da ƙarfin da ya kai na ɗaga buhun hatsi. Na biyu zafi: cikin motar yakan kai digiri 50, yana sanye da tufafin kariya daga wuta, har ya zubar da gumin kilo biyu ko uku kafin a gama. Na uku tsoro da tattara hankali: jiki yana sakin wani sinadari da ake kira adirenalin, wanda ke zaburar da zuciya ko da mutum bai motsa ba. Shi ya sa tun motoci na jere, ba a ba da izinin tashi ba, bugun ya riga ya hau.

Masu wannan wasa ba su bar abin ga ganin ido ba. Daga 2018 aka fara ɗinka wata ƴar na'ura mai kaurin milimita 3 cikin safar hannun direba, tana auna bugun zuciyarsa da yawan iskar da ke cikin jininsa, tana aika wa likitoci. In ya yi hatsari, kafin su iso gare shi sun san halin da zuciyarsa ke ciki.

Da na kai nan sai wata yarinya ta faɗo mini a rai, barci ya ƙi zuwa.

Ajin CM2 nake riƙe da shi a wata makarantar gefen gari, kuma kamar kowane malamin firamare, ni ke fitar da yarana motsa jiki. Yarinyar shekararta 12. Ba zan faɗi sunanta ba. Farkon shekara tana cikin masu gaba in ana kewaya fili. Masassara ta kwantar da ita a watan Oktoba, ta yi sati guda ba ta zo ba, ta dawo. Daga nan kullum ita ce ta baya. Kewaye ɗaya za ta yi ta tsaya, ta dafa gwiwa. Ni kuma na yanke mata hukunci: ƙyuya ce, ƴan mata in sun fara girma haka suke. Na sha ce mata raguwa a gaban ƴan'uwanta. Sau biyu ina ƙara mata kewaye a matsayin horo. Ba ta taɓa ce mini komai ba sai "To, Mushe." Fuskarta ba ta nuna ciwo ba, ni ma ban nemi sani ba.

Ranar da muka fara fita fili bayan hutu, cikin sanyin Janairu, na ɗaura tsohon agogona mai tsinken sakan. Suka yi kewaye biyu, ta tsaya kamar yadda ta saba. Na bar su suka zauna ƙarƙashin bedi minti goma cur, sannan na kira ta, na sa yatsu biyu a wuyan hannunta. Cikin sakan 15 na ƙirga 31. In aka ninka sau huɗu, 124 ke nan, bayan hutun minti goma, ba rana ba zafi. Na kira ƙawarta da suka yi gudu tare, na samu 22, wato 88. Na sake gwada ta farkon, na samu 30. Na ce ta ja fatar idonta ƙasa. Wurin da ya kamata ya yi ja, fari ne fat. Tafin hannunta ma haka.

Da aka tashi na bi ta gida. Uwarta ta ce: "Malam, ai tun masassarar nan ba ta koma daidai ba, ko guga ta ja sai ta zauna. Mun ce ko girma ne." Washegari suka tafi likita, aka gwada jini, majo ya ce jininta ya yi ƙasa ƙwarai. Ya ba ta maganin ƙarin jini da na tsutsar ciki, ya ce a dage da wake, zogale da hanta in an samu, kuma kada ta yi gudu sai ta dawo an sake gwadawa.

Bayanin ba shi da wuya. Jajayen ƙwayoyin jini su ke ɗaukar iska daga huhu zuwa gaɓoɓi, su ne kuma ƙwayar cutar masassarar sauro ke shiga tana fasawa. In sun ragu, zuciya ba ta da wata dabara sai ta ƙara sauri don abin da ya rage ya isa ko'ina. Wata biyu yarinyar nan zuciyarta na tsere ko tana zaune bisa benci, ni kuma ina ƙara mata kewaye. Ban san abin da kewaye na uku ko na huɗu zai iya jawowa ba, kuma na gode Allah da bai nuna mini ba. Na nemi gafararta a gaban ajin da na kira ta raguwa. Kunya ta kama ta, ta rufe fuska da hijabi, amma ni na san bashi ne na biya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba sabon ilimi ba ne. A makarantar horon malamai an nuna mana yadda ake jin bugun jijiya, har da gwajin nan na likitan Faransa Ruffier: a auna bugu mutum na hutawa, ya durƙusa ya miƙe sau 30 cikin sakan 45, a auna nan take, a sake aunawa bayan minti guda. Na rubuta a jarrabawa, na ci maki, na ajiye shi tare da kayen. Shekara goma sha tara ban sa yatsa a hannun yaro ba.

Yanzu duk ajina sun iya. Ana ɗora manuniya da yatsan tsakiya a wuyan hannu, ƙasan gindin babban yatsa, a danna kaɗan har a ji motsi. Ba a amfani da babban yatsa don shi ma yana da nasa bugu. Ni ke riƙe agogo, in ce "fara", bayan sakan 15 in ce "tsaya", kowa ya ninka sau huɗu a allonsa. Darasin lissafi ya samu ke nan a kyauta. Muna aunawa sau uku: kafin gudu, da an tsaya, da bayan minti biyu.

Iyaye su lura, hawan bugu lokacin gudu ba ciwo ba ne. Akwai lissafin da aka saba yi, a cire shekarun mutum daga 220 don a kimanta iyakar bugunsa. Nawa, mai shekara 44, wajen 176 ne. Kimantawa ce kawai, mutane sun bambanta, amma tana nuna cewa yaro mai lafiya zai iya kai 190 yana gudu ba tare da wata matsala ba. Abin kallo shi ne saukowa. Zuciya mai lafiya, da an tsaya, takan sauko da sauri cikin minti ɗaya ko biyu na farko. Wanda nasa ya ƙi sauka, ko yana zaune tun safe bugunsa ya haura 110 ko 120, akwai dalili. Wataƙila zazzaɓi ne ke tafe, don kowane digiri ɗaya na zafin jiki yana ƙara bugu wajen goma. Wataƙila ƙishirwa ce, ko ƙarancin jini. Malami ba likita ba ne, namu shi ne mu gani mu faɗa wa iyaye.

Akwai kuma abin da ba ya jiran ƙirga. Yaron da ya suma yana cikin gudu, ko ya ce ƙirjinsa na ciwo, ko aka ji bugunsa na tsalle babu tsari, a kai shi likita ranar nan, ko da ya tashi ya ce ya warke. Masu shekaruna ba su manta da Marc-Vivien Foé na Kamaru ba, wanda ya faɗi tsakiyar fili a birnin Liyon a watan Yunin 2003, yana da shekara 28, kuma bincike ya nuna ciwon zuciya ne da ke ɓoye. Haka nan mai sikila, malami ya san shi tun farkon shekara, ya bar shi ya sha ruwa ya huta duk lokacin da ya nema.

Maganar zafi ma daga direbobin na ɗauko darasi. A tseren Katar na Oktoban 2023, da dare aka yi, amma zafi da gumi suka sa Logan Sargeant ɗan Amurka ya ajiye motarsa bai gama ba, Esteban Ocon ɗan Faransa ya yi amai cikin hularsa yana tuƙi. Waɗannan mutane ne da ke samun horo duk shekara, da likitoci a bayansu. Bayan haka hukumar tseren ta kafa doka: in aka yi hasashen zafi zai kai digiri 31, sai an sa wa motoci na'urar sanyaya direba. Mu nan a watan Afrilu da Mayu zafi na wuce 40. Cikin zafi jini yakan karkata zuwa fata don ya sanyaya jiki, gumi yana rage ruwan jini, sai zuciya ta ƙara bugu a kan aikin da da sanyi ba zai dame ta ba. Na roƙi darakta ya mayar mini da awar motsa jiki ta zama ta farko da safe, ya yarda. Muna kuma ajiye jarka biyu ta ruwa a bakin fili. Ba na son kowa ya fahimci cewa a hana yara gudu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar motsa jiki na aƙalla minti 60 kowace rana, kuma zuciyar da ke samun horo ita ce ke bugawa a natse in ana hutawa.

Saura abu na uku da ke tayar da zuciyar direba, wato tsoro. Shi ma na gwada shi, kuma sakamakon bai yi mini daɗi ba. Wata safiya suna zaune na sa suka auna, kowa ya rubuta. Bayan ɗan lokaci na ɗaure fuska, na ɗauko bulalar da ke kan tebur, na ce a rufe kaye, zan kira mutum ɗaya ɗaya zuwa allo. Na yi shiru na minti guda, sannan na ce wasa nake, a sake aunawa. Kusan kowa nasa ya hau. Wani yaro da ke zama a bencin baya, wanda na daɗe ina cewa ba ya ganewa, ya tashi daga 84 zuwa 116. Bai motsa daga wurinsa ba. Na tambaye shi abin da yake ji in na kira sunansa. Ya ce: "Mushe, kunnuwana ne ke ƙara, sai in manta abin da na sani."

Direban tsere ya zaɓi aikinsa, an horar da shi shekara da shekaru yadda zai yi tunani zuciyarsa na dukan 170, ana kuma biyansa. Yaron nan ba wanda ya horar da shi, kuma ni ne abin da yake tsoro. Ba zan ce na zama wani mutum daban ba, har yanzu ina ɗaga murya fiye da yadda ya kamata. Amma bulalar ta koma cikin kabad, kuma in zan kira yaro allo nakan ba shi tambayar tukuna, in bar shi ya yi ta a allonsa, sannan ya fito. Yaron bencin baya ya fara ɗaga hannu a lissafi.

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Na yarda da magabata, amma yaranmu an koya musu kunya da haƙuri, fuskarsu ba ta cika faɗin abin da ke damunsu ba, balle a gaban malami. Duk uba ko uwa da ke da agogo ko salula zai iya gwada abin nan yau da dare: a sa yaro ya zauna minti biyar, a ƙirga, a rubuta lambar a bayan kayensa. Ranar da ya ce ba ya jin daɗi, akwai abin da za a gwada da shi.

Yarinyar ta koma fili a watan Maris, bayan majo ya sake gwada jininta ya ba da izini. Ranar farko ita ce ta zo ta miƙo mini hannu tun ban kira ta ba. Na ƙirga 21.